TAKARDAR LIKITA DA KASUWAR BAYAN FAGE

Duk wanda ya saba cin kasuwar Shuwarin, ko ta Gujungu, ko ta Sara, ya san mai tallar magani. Wani yana ɗauke da faranti a ka, wani da akwati a bayan babur. Abin da ke saman faranti kowa na gani: maganin ciwon kai, da na mura, da na tsutsar ciki. Amma a cikin masu wannan sana'a akwai waɗanda ke da wani kaya a aljihu. Shi wannan ba a shela da shi. Sai ka matso kusa ka yi raɗa kafin a fito maka da shi.

Wannan kaya na aljihu asalinsa magani ne na asibiti. An yi shi ne domin marasa lafiya, kuma doka ta ce kada a ba kowa sai da takardar likita. To, yaya aka yi ya baro asibiti ya faɗo kasuwa? Kuma me ya sa bai ɓace ba bayan gwamnati ta hana? Abin da za mu duba ke nan a wannan wata.

MAGUNGUNAN DA DOKA TA SA WA IDO

Magani iri uku ne a wajen doka.

Na farko shi ne wanda kowa zai iya saye a kemis ba tare da takarda ba, kamar farasitamol.

Na biyu shi ne wanda sai likita ya duba mutum ya rubuta masa, kamar magungunan hawan jini da na ciwon sukari.

Na uku shi ma sai da takardar likita, amma tsaronsa ya fi tsanani, domin yana sa maye kuma jiki yana sabawa da shi. A cikinsu akwai kodin da ake sawa a wasu magungunan tari, da tiramol, da allurar fenta, da mofin, da magungunan barci irin su diyazafam da wanda samari ke kira rochi.

Waɗannan magunguna suna da amfani babba. Wanda aka yi wa tiyata, da wanda ya karye a haɗarin mota, da mai ciwon sikila idan ciwon ya tashi, da mai ciwon daji, duk suna bukatarsu. Amma wuƙar da ke yanka nama ita ce ke yanka yatsa. Kodin da mofin idan sun yi yawa suna rage numfashi har mutum ya mutu cikin barci. Tiramol idan ya yi yawa yana jefar da mutum ƙasa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Wanda ya daɗe yana sha kuwa, ranar da bai samu ba sai jiki ya ɗauki ciwo, ga gumi, ga zawo, ga rashin barci. Wannan shi ake kira sabo ko kamu.

HANYAR DA MAGANI YA KAMATA YA BI

Hukumomi uku ke tsaron wannan hanya. Akwai NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Ita ke ba da izinin yin magani ko shigo da shi. Akwai Hukumar Kula da Masu Harhaɗa Magunguna, watau PCN, wadda ke ba kantunan magani lasin. Sai kuma NDLEA, wadda aka kafa a 1989 domin yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi.

Bisa ƙa'ida, magani zai fito daga kamfani zuwa babban dila mai lasin. Daga nan sai ya je asibiti ko kantin ƙwararren mai harhaɗa magani. Shi kuma ba zai bayar ba sai ya ga takardar likita, sa'an nan ya rubuta a littafi. Ƙaramin kemis na ƙauye ba shi da izinin ajiye irin waɗannan magunguna ko kaɗan, balle mai talla a faranti.

Ashe ke nan takardar likita kamar ƙofar rumbu take. Idan an bar ta a hangame, ɓeraye da awaki su cinye hatsi. Idan an liƙe ta gaba ɗaya, iyali su kwana da yunwa, ko su tafi neman abinci inda bai dace ba. Mun ga dukan abu biyun a ƙasar nan.

LOKACIN DA ƘOFA TA KE A HANGAME

Shekaru da yawa ana sayar da maganin tari mai kodin kamar lemon kwalba. A nan cikin Nijeriya ake yin mafi yawansa, a kamfanoni masu lasin. Amma ana karkatar da katan-katan daga hanyar ƙa'ida zuwa kasuwa. Kano ita ce babbar cibiyar cinikin magani a Arewa, kuma daga can kaya ke sauka Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da sauran garuruwanmu. Ba wanda ke tambayar takarda. Kuɗinka kawai.

Manomi ya san irin wannan labari a kan takin gwamnati. An kawo shi domin manoma, amma kafin ya iso gona sai a gan shi a kasuwa a hannun waɗanda ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba. Haka aka yi da kodin.

A watan Oktoba na 2017, an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba kusan miliyan 3 ta kodin kowace rana a jihohin Kano da Jigawa. Wannan ƙiyasi ne, amma ya girgiza ƙasa. Haka kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, suka yi bincike a dukan jihohi. Suka gano mutum miliyan 14 da dubu 300, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. Miliyan 4 da dubu 600 sun sha magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramol ba don jinya ba. Miliyan 2 da dubu 400 sun sha maganin tari domin maye. A cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. A Jigawa an sami kimanin mutum 7 cikin 100, a Kano kuwa 16 cikin 100.

Lura da wannan: bayan wiwi, abin da aka fi maye da shi a ƙasar nan maganin asibiti ne da ya ɓata hanya.

RANAR DA AKA RUFE ƘOFA

A ƙarshen watan Afrilu na 2018, gidan rediyo da talabijin na BBC ya nuna wani binciken sirri a kan yadda ake karkatar da kodin. Ranar 1 ga Mayu, Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya ba da sanarwar hana shigo da kodin domin yin maganin tari. Aka rufe kamfanoni uku na ɗan lokaci, aka kuma janye kwalabe masu ɗimbin yawa daga kasuwa.

Hanin ya yi amfani ta wani gefe. Kodin ya daina zama a kan kanta inda yaro ko matar aure za su aika a sayo cikin sauƙi. Wanda bai fara ba ya sami kariya.

Amma doka ba ta cire sabo daga jikin wanda ya riga ya kamu ba. Masu sha suna nan, suna nema. Da kaya ya yi wuya sai farashi ya tashi. Da farashi ya tashi sai riba ta ƙaru. Da riba ta ƙaru sai 'yan fasa-ƙwauri suka shigo. A da ana satar hanya ne daga kamfanonin cikin gida. Bayan hani sai aka koma shigo da shi daga ƙasashen waje, musamman Indiya, a ɓoye cikin kwantena. A 2024, shekara shida bayan hanin, NDLEA da jami'an kwastan sun yi ta kama kwantenoni cike da kwalaben kodin a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Onne ta Jihar Ribas.

Wanda kuma kuɗinsa bai kai ba sai ya sauya sheƙa. Wani ya koma tiramol, wani rochi, wani sholisho, wani ya haɗa biyu ko uku. Abin da ake saye a ɓoye kuwa ba mai duba ingancinsa. Kamar man 'yan bumburutu ne, ba ka san abin da aka zuba a ciki ba.

LABARIN TIRAMOL

Tiramol ya fi shiga ƙauye, domin masu aikin ƙarfi ke neman sa. 'Yan ƙodago a gona, da masu fasa dutse, da 'yan acaɓa, da masu dako suna sha don kada su ji gajiya. Ba ƙarfi yake ƙarawa ba. Yana rufe wa mutum jin ciwo ne kawai, jiki kuwa yana ci gaba da lalacewa.

A nan karatu zai yi maka rana. A jikin kowane kwalin magani akwai lamba da haruffa biyu, mg, watau miligiram. Shi ne ma'aunin ƙarfin magani. NAFDAC ta yarda da tiramol mai 50mg da mai 100mg, kuma da takardar likita. Wanda ake sayarwa a bayan fage sau da yawa 200mg ne, ko 225mg, ko 250mg. Likita ba ya ba babban mutum fiye da 400mg a yini guda, kuma a rarrabe. Ka ga wanda ya watsa ƙwaya biyu ta 225mg a baki ya wuce iyakar yini a haɗiya ɗaya.

A watan Afrilu na 2018 Indiya ta tsananta doka a kan fitar da tiramol. Sai masu fataucin suka koma wa wani magani mai ƙarfi da ake kira tafentadol, suna haɗa shi da wani maganin sassauta jijiya. Ɗaya daga cikin sunayen da ke jikin kwalinsa shi ne Tafrodol. A watan Fabrairu na 2025 BBC ta sake bankaɗo wannan ciniki, Indiya ta hana yin haɗin nan take. Wannan ya nuna mana muddin mai saye yana nan, idan an toshe rami ɗaya, gafiya za ta haƙa wani.

MARAR LAFIYA SHI KE SHAN WAHALA

Akwai wani gefe da ba a cika magana a kansa ba. Yayin da ƙwayoyi suka cika kasuwa, asibitoci da yawa ba su da isasshen maganin kashe zafin ciwo mai tsanani. Wani babban rahoton masana lafiya na duniya da aka fitar a 2017 ya nuna mofin da ke isa ga masu tsananin ciwo a Nijeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da suke bukata ba.

A ce wata tsohuwa a wani ƙauye na Buji ko Miga tana fama da ciwon daji, ba ta barci saboda raɗaɗi. Asibitin da ke kusa ba likita, ba maganin. Zuwa Dutse ko Birnin Kudu sai an nemi kuɗin mota, ga yinin da za a ɓata. Ɗanta ba zai iya kallon ta tana kuka ba. Ina za shi? Wajen mai faranti. Haka masu sikila da yawa suka fara sayen allurar fenta suna yi wa kansu, har ta zama sabo, ta bar musu gyambo a cinya da hannu.

Watau duk marar lafiyar da ya rasa magani ta hanyar ƙa'ida ya zama sabon mai ciniki ga ɗan bayan fage.

Ƙasar Yuganda ta ga wannan matsala. A 2004 ta gyara dokarta, ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman izinin rubuta mofin na ruwa, domin likitoci ba su isa ƙauyuka ba. Marasa lafiya suka riƙa samun sauƙi a gidajensu, ana rubuta kowace kwalba a littafi.

ABIN DA YA FARU A WASU ƘASASHE

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan hali ba. Ga misali uku.

Na farko daga Amurka. Daga 1920 zuwa 1933 ƙasar ta hana yin giya da sayar da ita. Amma doka ta bar wata kafa: likita na iya rubuta wa mutum kusan rabin lita a kwana goma da sunan magani. Sai masu lafiya garau suka riƙa biyan kuɗi ana rubuta musu. A gefe guda kuma 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙazamin arziki. Takarda idan ta zama abin sayarwa, hani ya zama wasa.

Na biyu shi ma daga Amurka. A 1996 aka fito da wani maganin kashe ciwo mai suna OxyContin. Aka yi ta tallarsa, likitoci suka yi ta rubutawa fiye da kima, mutane da yawa suka kamu. Daga wajen 2010 sai aka fara tsuke ƙofa, amma ba a tanadi isasshiyar jinya ga waɗanda suka riga suka kamu ba. Da yawa suka koma sayen hirowin a titi, daga baya kuma fentanil, wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. A 2022 kaɗai fiye da mutum 100,000 suka mutu a Amurka saboda shan ƙwaya fiye da kima, yawancinsu ta dalilin fentanil. An hangame ƙofa, sa'an nan an banko ta, kowanne ya ci rayuka.

Na uku daga Suwizalan, wata ƙasa a Turai. A birninsu na Zurik masu shan hirowin sun taɓa cika wani lambu, suna allura a fili. A 1994 gwamnati ta gwada wata dabara. Waɗanda sabo ya yi wa katutu, aka yi ta yi musu magani bai ci ba, sai aka yi musu rajista a asibiti. Mutum zai zo kullum, likita ya auna masa, ya yi amfani da shi a gaban ma'aikacin jinya. A lokacin ba a ba shi ya tafi da shi gida. Bincike ya nuna sata da ƙwace sun ragu sosai a tsakanin waɗannan mutane, kuma da yawa sun daina dillancin da suke yi don samun kuɗin saye. Dillalai suka rasa manyan masu cinikinsu. A 2008 aka yi ƙuri'a, fiye da kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka yarda a ci gaba.

Kada a fahimci abin a baibai. Suwizalan ba ta halatta sayar da hirowin ba. Mai sayarwa a titi ana kama shi har gobe. Abin da ta yi shi ne ta janye marar lafiya daga hannun dila ta sa shi a hannun likita. A nan Afirka ma, Tanzaniya ta fara irin wannan jinya a 2011 a asibitin Muhimbili da ke Darussalam, da wani magani mai suna metadon, wanda ke kwantar da ƙishirwar sabo.

DARASIN DA KE CIKI

Kasuwar bayan fage tana cin abinci ne daga mutum uku: wanda ake ruɗa ya fara, da wanda ya riga ya kamu, da marar lafiyar da ya rasa magani. Kame da hani suna kare na farko. Na biyu sai jinya. Na uku sai an kawo magani kusa da shi. Idan an yi ɗaya an bar biyu, ɗan fasa-ƙwauri bai rasa kasuwa ba.

Saboda haka ƙofar nan tana bukatar mai gadi. A watan Fabrairu na 2024 NAFDAC da PCN sun rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Gari da kewaye a Kano, aka umarci dillalai su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro a hanyar Zariya, inda za a iya sa ido a kan abin da ke shiga da fita. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tun da daga Kano yawancin maganinmu ke zuwa. Amma gyaran Kano kaɗai bai isa ba, sai asibitocin karkara sun sami ma'aikata da magani.

ME ZA MU IYA YI?

1. Kada ka sayi magani mai sa maye a faranti ko a tasha. Idan ciwo ya yi tsanani, je asibiti. Akwai Babban Asibitin Dutse, da Asibitin Rasheed Shekoni, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ban da manyan asibitocin ƙananan hukumomi.

2. Karanta kwali kafin ka sha. Duba lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, da lambar mg. Tiramol da ya wuce 100mg ba na ƙa'ida ba ne.

3. Takardar da likita ya rubuta maka taka ce kai kaɗai. Kada ka ara wa wani, kada ka raba maganinka da maƙwabci. Idan ya rage, mayar da shi asibiti. Ajiye shi inda yara ba za su kai ba.

4. Mai gona, kada ka saya wa 'yan ƙodago ƙwaya don su yi maka aiki da sauri. Kwana nawa ne aikin? Sabon da za ka bar su da shi na shekaru ne.

5. Idan ɗanka ko ƙaninka ko matarka sun kamu, duka da ɗaurin mari ba sa warkarwa. Kai su asibiti. A jiharmu akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, kuma NDLEA tana da masu ba da shawara. Wanda ya daɗe yana shan maganin barci kada ya yanke rana ɗaya, domin yana iya faɗuwa ya yi ta shure-shure. Likita ne zai riƙa rage masa sannu a hankali.

6. Masu unguwanni da dagatai da limamai da kwamitocin lafiya na mazaɓu su san masu kemis na yankinsu, su tambayi lasinsu. Su kuma riƙa kai kuka ga hukuma idan asibitin garinsu ba ma'aikaci ko ba magani.

TAMBAYOYI DOMIN 'YAN AJI

1. Faɗi magunguna uku da ba a bayarwa sai da takardar likita.
2. A wace shekara aka hana kodin na maganin tari a Nijeriya? Me ya biyo baya?
3. Wane ƙarfin tiramol NAFDAC ta yarda da shi?
4. Su wane ne mutum ukun da kasuwar bayan fage ke ci daga gare su?
5. A garinku, ina mai tsananin ciwo ke samun magani? Ku tattauna da malaminku, ku rubuta amsa a littattafanku.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya shirya mana zuriya, amin.